Shirun Soja Ba Lafiya Ba Ne

Nazarin da ake yi a rundunar sojan Amurka ya daɗe yana nuna cewa haɗarin kashe kai da saurin neman likita sun bambanta tsakanin farar fata da baƙar fata. A ƙasar Hausa bambancin ya rataya ne a kan tarbiyya da nisan asibiti, domin yaron da aka raina a kan cewa namiji ba ya raki, idan ya sa kaki, sai dauriyarsa ta zama hanyar ɓoye ciwo.

Misalin da ya fi ɓata wa ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa rai shi ne na wani kofur, ɗan wani ƙauye a Ƙaramar Hukumar Baure, wanda ya zo hutu daga fagen daga a Borno. Barci ya ƙaurace masa, ƙarar salansar babur tana sa shi ya kwanta rub da ciki, ba ya kuma zama a zaure sai ya jingina da bango yana fuskantar ƙofa, alamun firgicin bayan yaƙi ke nan, wato ciwon da ke sa ƙwaƙwalwa ta riƙa maimaita tashin hankalin da ya wuce. Dangi suka ce sammu ne, suka kai shi wurin wani mai magani da ya karɓi rago ya yi ta banka masa hayaƙi, mai kemis kuma ya sayar masa da tiramadol ba tare da takardar likita ba. Da ya biya basussukansa, ya kyautar da babur ɗinsa, ya shiga neman gafarar mutane, sai aka ce ya shiryu. Da ya ce ya gaji da rayuwa, yayansa ya amsa masa da cewa, "Haba, kai da kake soja?" Sai da ya yi yunƙurin halaka kansa, Allah Ya kiyaye, sannan aka nufi asibiti, a nan ma aka ɓoye wa likita gaskiya, saboda kunya da tsoron sashe na 231 na dokar Penal Code, wanda ya mai da yunƙurin laifi.

Rabon kaya da neman gafara kwatsam ba shiriya ba ne, ban kwana ne. Addu'a ba ta hana ganin likita. Mai kemis ba likita ba ne.

Wanda ya ji furucin gajiya da rayuwa daga bakin soja, ya tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, domin tambayar ba ta cusa tunanin. A raba shi da makami da ƙwayoyi, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti, kamar babban asibitin Daura, ko na ƙwaƙwalwa da ke Dawanau a Kano, a ranar, ba sai hutu ya ƙare ba.