Masu ba da labarin unguwa

Kumasi babban birni ne a ƙasar Gana. Tun da daɗewa Hausawa suke zuwa can fataucin goro, har suka kafa zango. A yammacin birnin akwai unguwar Kwadaso, inda tashar motoci ta Sofoline take.

Birnin yana da faɗi ƙwarai. Ƴan jarida ba su iya kasancewa a kowace unguwa. In gobara ta tashi, ko ruwan sama ya shiga gidaje, mazauna wurin ne suke fara gani. Sai su kira gidan rediyo da salula, su faɗi abin da ya faru da inda ya faru. A watan Maris na 2023, da wuta ta kama a kasuwar Kejetia, hotunan da jama'a suka ɗauka sun bazu nan da nan.

A ƙasar Kenya ma an yi irin wannan. A shekarar 2008, lokacin rikicin zaɓe, aka ƙirƙiro Ushahidi, wato shaida da harshen Suwahili. Mutane suna aika saƙo, ana sa alama bisa taswira daidai wurin da abin ya auku.

Amma ba kowa ke yarda ya ba da labari ba. Wani yana tsoron a ce masa magulmaci. Wani ba ya da kuɗin kira. Wani kuma ya taɓa faɗi, ba a yi komi ba, sai ya yi shiru. Mutane sun fi yarda in abin ya shafi ƙofar gidansu, in an ɓoye sunansu, in kuma sun ga an kawo gyara.

Labarin ƙarya yana haddasa faɗa. Saboda haka mai ba da labari nagari yakan faɗi wurin, da lokacin, da abin da idonsa ya gani. Gani ya kori ji.

Tambayoyi
1. Ina Kwadaso take?
2. Mi ya sa waɗansu suke ƙin ba da labari?
3. Waɗanne abubuwa uku ne mai ba da labari yake faɗi?

Aiki
Ku zana taswirar unguwarku. Ku sa alama inda ruwa yake kwanciya da damina.