DARASI: ZAƁEN GIDAN HAYA GA WANDA AIKI YA KAI SHI BAƘON GARI

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya sanya mana natsuwa a cikin gidajenmu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, kowace shekara kafin a koma lakwal a wata na 10, takardun canjin wurin aiki kan fito. Malamin lakwal ya bar Tawa zuwa Damagaram, ma'aikacin asibiti ya bar Maraɗi zuwa Yamai, wani kuma neman abinci ya kai shi Arlit. Abu na farko da ke gaban kowannensu shi ne wurin da zai sauke iyalinsa. Da yawa sukan damƙa al'amarin ga dillali, su tambayi kuɗin wata kaɗai, alhali unguwar da mutum ya zauna tana shafar sallarsa da tarbiyyar ƴaƴansa da halalcin abin da yake ci. Ga abubuwan da ya kamata a duba.

1. Istihara da shawara

Jabir ɗan Abdullahi (RA) ya ba da labari, kamar yadda Buhari ya ruwaito, cewa Manzon Allah (SAW) yana koya musu istihara a cikin dukkan al'amura kamar yadda yake koya musu sura daga Alƙur'ani. Sai mutum ya yi nafila raka'a 2, ya roƙi zaɓin Ubangijinsa, sa'an nan ya tambayi masana gari, domin matambayi ba ya ɓata. Idan da hali, ya fara zuwa shi kaɗai, ya sauka wurin ɗan'uwa ko abokin aiki na ƴan kwanaki, ya zagaya unguwanni da ƙafarsa kafin ya kwaso iyali. Manzon Allah (SAW) da ya yi hijira zuwa Madina a shekarar 622 ya sauka ne a gidan Abu Ayyuba Al'ansari (RA), har aka gama ginin masallaci da ɗakunansa.

2. Maƙwabci kafin gida

A cikin Suratut Tahrim, aya ta 11, matar Fir'auna ta roƙi gida a Aljanna, kuma malaman tafsiri sun lura cewa ta ambaci kusanci da Ubangijinta kafin ta ambaci gidan. A hadisin da Ibnu Hibban ya ruwaito an lissafa maƙwabci nagari da yalwataccen mazauni cikin abubuwa 4 na jin daɗin duniya, an lissafa mugun maƙwabci da ƙuntataccen mazauni cikin na wahalarta. Hausawa kuwa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Ba a sanin halin unguwa da hantsi, lokacin da kowa ya fita. Sai ka koma bayan sallar isha'i ka ga abin da ke gudana a ƙofar gidan: ko akwai mashaya kusa, ko wurin caca, ko dandalin da samari ke kwana da kiɗa. Ka yi salla a masallacin unguwar, ka gaisa da liman da mai unguwa, ka tambaye su mai gidan da waɗanda ke ciki. Faɗar gaskiya ga mai neman irin wannan shawara nasiha ce, malamai ba su sa ta cikin gibar da aka hana ba, matuƙar an tsaya iyakar buƙata.

3. Masallaci da makaranta

Ma'aikaci yakan sami azahar da la'asar a wurin aiki, amma asuba da magariba da isha'i a unguwarsa suke samunsa. Muslim ya ruwaito cewa wani makaho ya nemi izinin yin salla a gida, da Annabi (SAW) ya ji cewa yana jin kiran salla sai ya umurce shi da ya amsa. Shi ne kuma ya ruwaito cewa Banu Salima sun so su taso kusa da masallaci, aka ce su zauna a gidajensu domin ana rubuta musu ladan takunsu. Idan an haɗa hadisan biyu, za a gane nisa ba aibi ba ne ga wanda zai taka. Amma kowa ya san kansa: in ka san nisa zai raba ka da jam'in asuba, to ka nemi kusa. Haka nan ka duba makarantar allo ko Islamiyya, da lakwal ɗin da yara za su je ba tare da ƙetare babbar hanyar mota ba.

4. Suturar iyali

Allah (T) Ya yi umurni a Suratuɗ Ɗalaƙ, aya ta 6, da a zaunar da matan da ke cikin idda gwargwadon hali. Malamai suka ce wadda ke cikin aure ta fi cancanta. Mazauni haƙƙin mace ne, sai a yi shawara da ita, domin ita ce mai wuni a cikinsa. A manyan garuruwa akwai gidajen haya masu tsakar gida ɗaya, inda iyalai da gwagware ke tarayya a makewayi ɗaya da famfo ɗaya. Wanda ƙarfinsa bai wuce nan ba, ba shi da laifi, sai dai ya zaɓi gidan da magidanta suka fi yawa, ya nemi izinin mai gida ya yi danga ko ya kafa zana a ƙofar ɗakinsa. Ya tuna kuma an yi umurni da raba wa yara wurin kwana idan sun kai shekara 10, don haka ya ƙidaya ɗakuna da yawan ƴaƴansa.

5. Ruwa da hanya

Kowane gari da irin jarrabawarsa. A Yamai, unguwannin da ke bakin kogi irin su Lamorde da Karaje da Kirkisoy da Saga sun sha ambaliya a 2012 da 2020, gidaje masu yawa suka rushe. Tsohon garin Maraɗi ma ambaliyar Gulbi ce ta ci shi a 1945, aka koma kan tudu. Mai neman gida ya dubi gindin bango ko akwai alamar inda ruwa ya taɓa tsayawa, ya tambayi maƙwabta yadda unguwar take a wata na 8. Damagaram kuwa an san ta da ƙarancin ruwa saboda a kan dutse take zaune, sai a tambayi yadda famfo ke zuwa da bazara, da nawa ƴan ga-ruwa ke sayarwa.

Game da hanya, yawancin ofisoshin gwamnati a Yamai suna Filato ne, jami'ar Abdu Mumuni kuma tana Harobanda a ƙetaren kogi. Wanda ya zauna a wannan gaɓa yana aiki a waccan, kullum sai ya hau gada. A yi lissafi. A misali, ga gida nesa a kan jaka 25, ga wani kusa da wurin aiki a kan jaka 35. Idan na nesa zai ci dala 100 na mota kowace rana, a kwana 22 na aiki ya ci jaka 11, ya zama jaka 36, ban da makara da gajiya. Araha ba ta ado. Makara kuwa tauye amanar aikin da ake karɓar albashi a kansa ne.

6. Kama gida daidai ƙarfi

Akwai mai kama gidan da ya fi ƙarfin albashinsa domin a ce wane yana unguwar manya. Wata bai kai rabi ba sai bashi, daga bashi sai rancen riba, daga nan sai hannu ya miƙa ga cin hanci ko dukiyar jama'a. Allah ba Ya kallafa wa rai sai abin da Ya ba shi, kamar yadda ya zo a aya ta 7 ta Suratuɗ Ɗalaƙ. Ƙaramin gida da halal ya fi bene da haram.

7. Ƙulla haya bisa shari'a

A fiƙihun Malikiyya, kamar yadda yake a Risala ta Ibnu Abi Zaid, haya tana inganta idan an ambaci lokaci an kuma ambaci kuɗi. Mutuwar mai zama a gidan ba ta warware hayar da aka yanka wa lokaci. Saboda haka a fayyace tun farko: nawa ne a wata, wace rana ake biya, wata nawa za a ba da gaba, yaya za a mayar da kuɗin ajiya, wa ke gyaran rufi da yashe masai, yaya ake raba kuɗin wuta da ruwa idan kwantar ɗaya ce, da wa'adin da za a ba juna kafin tashi. Ladan dillali ma a yanka shi kafin ya fara yawo da kai. A rubuta duka a takarda gaban shaidu 2, a riƙa karɓar rasiɗi, domin aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta shiryar da mu zuwa rubuta abin da ke da ajali. Kada kuma ka ƙara kuɗi a kan gidan da ɗan'uwanka ya riga ya daidaita da mai shi, an hana ciniki a kan cinikin ɗan'uwa.

Gidan haya amana ne a hannunka. Abin da ya lalace don tsufa ba ka da lamuninsa, abin da ka ɓata da sakaci kuwa sai ka biya. Jinkirta biya ga mai hali zalunci ne, kamar yadda ya tabbata a Buhari da Muslim. Masu gidaje su ma su ji tsoron Allah: kada su ɓoye aibin gida, kada su tsawwala wa baƙo don bai san gari ba, kada su fitar da iyali tsakiyar damina saboda wani ya ƙara jaka 5.

Daga ƙarshe, wanda ya nemi maƙwabci nagari, shi ma ya zama nagari. Da ka tare, ka bi gidajen da ke kewaye ka yi sallama, ka gabatar da kanka a masallaci. Jama'ar masallaci kuma su karɓi baƙon ma'aikaci kamar yadda Ansaru suka karɓi Muhajiruna, su nuna masa gida da kasuwa da makaranta.

Allah Ya saukar da mu masauki mai albarka, Ya haɗa mu da maƙwabta nagari, Ya sa gidanmu na ƙarshe ya zama Aljanna. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.