Birkin Mota Wajen Komawa da Baya a Gangare

Duk wanda ya zauna Mubi ya san ƙasarmu ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. Duwatsun Mandara na nan gabas da mu, ruwan da ya sauka daga kansu kuwa sai ya bi ya zaizaye ƙasa kafin ya faɗa kogin Yedzaram. Don haka gidaje da yawa, nan cikin gari da wajen Gella har zuwa Michika, a kan tudu su ke. Mai mota ya kan hau da gaba da maraice, da safe kuma tilas ya sauko da baya. To, sau da yawa a nan ne za ka ji mutum na cewa, "Jiya birkina lafiya lau, yau da na sa ribas ya ƙi kamawa." Ba aljani ba ne. Akwai dalili, wanda ya yi ilmin kimiyya na aji ɗaya ma ya iya gane shi.

Bari mu fara da yadda birki ya ke aiki. Wani Bafaranshe, Blaise Pascal, wanda ya rayu daga 1623 zuwa 1662, shi ya nuna cewa in aka danne ruwa cikin rufaffen wuri, dannin ya kan isa ko'ina daidai wa daida. A 1921 motar Duesenberg ta Amurka ta fito da birkin mai a ƙafafunta huɗu, yau kuwa kusan kowace ƙaramar mota haka ta ke. In ka taka birki, ƙafarka ta tura fistin cikin masta, man birki ya bi siraran bututu zuwa tayoyi, ya tura wasu fistin da su ka fi na farko faɗi. Ga lissafi don 'yan ajinku: a ce ƙafa ta danna da nauyin kilo 20, sandar birki ta riɓanya shi sau 4, ya zama 80. In fistin na taya ya fi na masta faɗi sau 4, ya zama 320. Kun ga yadda yarinya ma za ta iya tsai da mota.

Amma ƙarfin nan ba raba daidai a ke yi ba. Sa'ad da mota ke tafiya gaba aka taka birki, nauyinta ya kan rinjaya gaba, kamar yadda fasinja ya kan sunkuya in direba ya tsaya farat ɗaya. Saboda haka maƙera su ka ba birkin gaba fiye da rabin aikin, su ka yi na baya ƙarami. To, yanzu ku juya motar: hancinta na duban tudu, tana gangarowa da baya. Gangaren da kansa ya mai da nauyi kan tayoyin baya, taka birki kuma ya ƙara musu. Tayoyin gaba, masu babban birki, sun yi sakayau, in akwai tsakuwa ko yashi sai su kafe su yi ta jan ƙasa, sitiyari kuma ya daina jin magana. Aikin duka ya koma kan ƙaramin birkin baya. In lainin na baya ya cinye, ko ya yi nisa da durom, ko man gadar baya ya tsiyaya ya jiƙa shi, mai mota zai iya yin wata shida yana zuwa Yola yana dawowa bai sani ba, gama na gaba na rufa masa asiri. Gangaren ƙofar gidansa ne zai tona. A ganina wannan shi ne babban dalili, shi ne kuma ya kamata makaniki ya fara dubawa, ko da shi ke yawancinsu gaba su ke fara kwancewa don ya fi sauƙi.

Akwai wani abu kuma game da birkin durom. Cikinsa akwai takalma biyu masu lanƙwasa. Ɗaya an kafa shi yadda juyawar durom za ta fizge shi ta ƙara manna shi, ɗayan kuwa juyawar tana ture shi ne. In mota ta koma baya sai su yi musanya, ba asara. Amma akwai irin da aka yi wa takalman biyu duka su riƙa kamawa da ƙarfi wajen tafiya gaba, kamar birkin gaba na tsofaffin Land Rover masu dogon jiki. Irin wannan in an sa ribas dukansu biyu su kan zama masu rauni. Ba lalacewa ba ce, haka aka ƙera shi, sai dai direba ya sani ya ƙara nauyin ƙafa.

Sa'an nan ga halin nan na saki mota ta gangara ba a ta da inji ba, wai don tattalin mai, ko don batir ya yi sanyi ana so a ta da ita da giya. Bayan masta akwai wani baƙin gwangwani mai faɗi kamar tasa, shi ke taimakon ƙafarka, ƙarfinsa kuwa daga zuƙar iskar inji ya ke samu. In inji a kashe ya ke, taki biyu ko uku kaɗai ya ke da ajiya, daga nan birki ya zama kamar dutse. Gwada shi ba wuya. A wuri mai lebur, inji a kashe, taka birki sau biyar ko shida har ya yi tauri, ka riƙe, ka ta da inji. In ƙafarka ta ɗan nutsa ƙasa, lafiya. In ba ta motsa ba, a duba tiyon da ya haɗa shi da inji, watakila ya tsage.

Ƙafa ma malama ce in an saurare ta. Birkin da ya yi laushi kamar soso, sai an yi ta bugawa ya ke tauri, iska ce ta shiga bututu, ko kuwa lainin baya ya yi nisa. Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa. Wanda kuma ka riƙe shi ya yi ta nutsewa sannu sannu har ƙasa, robar masta ce ta mutu, ko mai na yoyo a wani wuri. Wannan motar kada ta fita ƙofa. In jar fitilar birki ta kan kama a gangare kaɗai ta mutu a lebur, man ne ya ragu, ya karkata gefe ɗaya cikin kwalbarsa. Kada ka ƙara kawai ka rufe, ka nemi inda ya tafi. Man birki kuma yana shan laimar iska. Irin da aka rubuta wa DOT 3 sabonsa ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205, amma in ya sha ruwa sai ya sauko wajen 140, shi ya sa a ke canja shi kamar kowace shekara biyu. Masu zuba ruwan sabulu ko baƙin mai a madadinsa, rayukan mutane su ke wasa da su. Baƙin mai ya kan kumbura robobin duka.

Ƙara kuwa ba kowace ce ta tsoro ba. Da damina, musamman cikin Agusta, tsatsa ta kan kwanta kan faifan birki cikin dare ɗaya, da safe ka ji ƙiii, bayan taki biyu uku ta ɓace. Ƙwas guda ɗaya lokacin da ka juya daga gaba zuwa baya, sau da yawa fad ne ya ɗan gusa a mazauninsa. Amma gurzar ƙarfe da ƙarfe wadda ba ta dainawa, fad ya ƙare, yana cin faifai.

Birkin hannu a yawancin motoci tayoyin baya kaɗai ya ke riƙewa, da waya ba da mai ba. Wayar ta kan miƙe, har ka ja shi ƙarshe mota na silalewa. Masu mota mai canja giya da kanta su fara jan birkin hannu kafin su sa P, in ba haka ba nauyin motar duka zai rataya kan wani ɗan haƙorin ƙarfe cikin giya, da safe sanda ta ƙi fita sai da ƙara.

In har birki ya tsinke kana cikin gangarowa, kada ka taka kuloci, bar inji ya riƙe motar cikin ribas. Buga birki da sauri sau da yawa, ka ja na hannu a hankali, yatsanka na kan maɓallinsa don kada tayoyi su kafe, ka karkata bayan motar wajen ganuwa ko shinge maimakon titi. Da dare kuma a sa waigi bayan tayar baya ta gefen gangare, kamar yadda yaran manyan motocin da ke ɗaukar shanu daga kasuwar Mubi su ke yi. Mu da za mu koyar a firamare, akwai abin da za mu gaya wa yara tun ranar farko: yaron aji ɗaya in ya tsaya dab da bayan mota, direba ba ya ganinsa ko a madubi, don haka in sun ji an ta da inji a tudu su koma gefe, kada su tsaya ƙasan gangare.