Kafin ka kai tsohuwar Marsandin gidanku gareji

Sana'ata ita ce mayar da tsofaffin motocin alfarma yadda suka fito daga kamfani, kuma galibin waɗanda ake kawo mini Marsandi ne: ƙirar W123 da aka fara fitarwa a 1976, da babbar 'yar'uwarta W126, wadda aka ƙera daga 1979 zuwa 1991, wadda mutanenmu suka laƙaba wa sunan Shagari. Akwai su jibge a gidajen gado, tayoyi sun sace, kaji na ƙwai a ƙarƙashi. Abin da ke cin raina shi ne, kaɗan ne daga cikinsu tsufa ya kashe. Yawanci gyaran gangan ne ya yi musu illa, bayan magada sun ce bari a taɓa ta.

Ɓarnar farko takan faru tun ranar farko. Mota ta shekara goma a ajiye, sai a kawo batir a yi ta murza makulli. Man da ya daɗe a tanki ya riga ya zama danƙo, kuma na'urar raba mai ta Bosch da ke cikin W126 irin 280SE da 500SE ba ta jure datti ko kaɗan. Da ta toshe, sai bakanike ya ce: "Alhaji, wannan injekta ai ciwon kai ce, a cire a ɗaura kafireto." Daga baya wani ya ce injin ma a sauke, a sa na Toyota. Motar za ta tashi, ba musu, amma darajarta ta tafi, domin abin da mai sayen irin waɗannan motoci ke fara dubawa shi ne ko lambar inji ta yi daidai da wadda kamfani ya rubuta wa wannan bodin. A fara wanke tanki, a canza tiyo da matatar mai, a juye tsohon baƙin mai, a juya injin da hannu, sannan a yi maganar tayarwa.

Kowace Marsandi ta wancan zamani tana da katin bayananta a ma'ajiyar kamfanin a Jamus. Da lambar shasi da shaidar mallaka ana neman kwafinsa. A ciki akwai lambar inji, da ta giya, da launin fenti, da irin kujeru, da duk ƙarin da mai saye na farko ya biya. Ko ba katin, ka buɗe bonet ka duba ɗan farantin ƙarfe da ke gaba, kusa da lagireto, akwai lambar fenti a kansa: 040 baƙi ne, 904 shuɗi mai duhu. Na taɓa karɓar wata 280SE fara sol, mai ita yana rantsuwa haka mahaifinsa ya saye ta. Farantin ya ce 904. Muka ɗaga robar bakin ƙofa, ga shuɗin nan kwance, ƙarƙashin fenti hawa uku da filla mai kaurin yatsa. Kankare wannan kaɗai ya fi sabon fentin tsada.

Sai maganar tamostat, wadda na gaji da yin gardama a kanta. An saba cire ta da sunan wai ƙasarmu da zafi. A waɗannan injina, idan ta buɗe wa ruwa hanyar lagireto, ita ce kuma ke rufe gajeriyar hanyar da ruwan ke zagayawa cikin inji. Ka cire ta, wani ruwan ya riƙa kewaya lagireton yana dawowa da zafinsa. In allurar zafi na haurawa, a wanke lagireto, a duba fanka da famfon ruwa.

Muna da wata sa'a da Turawa ba su da ita. Su gishiri ake zuba wa titunansu lokacin ƙanƙara, yana cinye ƙasan mota. Motar da ta yi rayuwarta a Kano ko Damagaram sau da yawa ƙarfenta garau yake, sai ɗan tsatsa a mazaunin batir da wurin sa jak. Namu abokin gabar rana ce: ta fasa dashbod, ta busar da robobi, ta tsattsage katakon ado. Shi katakon nan mai zane-zane, zebrano, daga dazukan Kamaru da Gabon yake fitowa, kuma ana iya gyara shi, kada a yarda a liƙa masa leda.

Duk abin da aka kwance, ko ya mutu, a ajiye shi. Rediyon Becker, sitiyari, murfin taya, har ƙusoshi, a zuba a leda a rubuta inda aka ciro, a ɗauki hoto da waya kafin a kwance. Kada yaran gareji su haɗa su da kayan 'yan gwangwan. Wani ɗan maɓallin da aka jefar za ka zagaye kasuwannin Ƙofar Ruwa da Panteka ba ka samu ba, ka koma jiran saƙo daga Jamus wata da watanni.

In kuma aljihu bai kai ba tukuna, babu laifi. A sa ta a inuwa, a ɗaga ta a kan katako, a cire batir, a toshe kafofin da ɓeraye ke shiga su ci waya. Mota mai ƙura wadda ba a taɓa ba ta fi mini sauƙin aiki nesa ba kusa ba a kan mai sheƙi da ta bi ta hannu biyar.