Karayar Kwatangwalo ga Tsofaffi: Darasi ga Hakimai da Malamansu

Abin da za mu duba a wannan darasi shi ne tsohon da ya zame a makewayi ko a bakin rijiya, ya kāsa tashi. In an ga ƙafa ɗaya ta gajarta, tafinta kuma ya juya waje, to, galibi wuyan ƙashin cinya ne ya karye, watau daidai inda ya shiga kwatangwalo.

A Unguwa Uku da Gyaɗi-gyaɗi, kamar sauran ƙasar Kano, mai ɗori ake fara kira. Ba mu raina sana'arsa ba. Amma wannan ƙashi yana can ciki, nama ya lulluɓe shi, karan ɗori ba ya kama shi. Har wa yau karayar takan tsinke jijiyoyin da ke kai wa kan ƙashin jini, ƙashin da ba ya samun jini kuwa da wuya ya haɗe.

Sai tsoho ya kwanta wata da watanni. Kwanciyar nan ita ce babbar musiba, ta fi karayar kisa. Gyambo ya fito a gadon baya da dunduniya, majina ta taru a huhu ta zama ciwo, jini ya daskare a jijiyar ƙafa, fitsari ya ruɓe, ƙarfin jiki ya zube. Wanda ya tsira sau da yawa ba ya sāke taka ƙafarsa zuwa masallaci.

A Ingila an yi lissafi cewa cikin masu wannan karaya, wajen ɗaya bisa goma kan rasu a watan farko, wajen sulusi kuma kafin shekara. Don haka tun 2011 ƙa'idarsu ita ce a yi aiki ranar da aka kwantar da mutum ko kashegari, a ɗaure ƙashin da ƙarfe ko a sa masa sabon kai, a tashe shi da wuri.

A ƙasar Holand kuwa an buga wani bincike a 2022, kan tsofaffi 172 masu rauni ƙwarai da ke gidajen jinya. Mutum 88 sun zaɓi kada a yi musu aiki, 84 aka yi musu. Cikin kwana 30, kashi 83 bisa ɗari na waɗanda ba a yi wa ba sun rasu, na waɗanda aka yi wa kuwa kashi 25. Sai dai a lura, na farkon mutane ne da ƙarfinsu ya riga ya ƙare, su da iyalansu suka zaɓi a sauƙaƙa musu ciwo kurum, kuma iyalan sun gamsu da jinyar. Ke nan akwai tsohon da barin aikin ya fi masa alheri. Amma likita ne zai faɗi haka bayan ya duba zuciya da huhu ya ga hoton ƙashi, ba maƙwabci mai cewa "ai ya tsufa" ba.

Mutanen Tarauni ba su da hanzarin nisa. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana kan titin Zariya, ga kuma Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka kafa tun 1959.

Ana roƙon hakimai su gargaɗi dagatai da masu unguwanni, a kai tsoho asibiti ranar da ya faɗi, a kwance, kada a ja ƙafar ko a murza ta. Malamai su rubuta ranar faɗuwar da ranar da aka kai shi. In likita ya ce jinyar gida za a yi, sai a riƙa juya shi duk bayan sa'a biyu, a tsare shimfiɗarsa daga laima, a ba shi ruwa da maganin ciwo a kan kari, a zaunar da shi da zarar ya iya.