Kafin ka ƙure wa katin hoto gudu a Tamanrasset

Wata Asabar cikin watan Yuli wani matashi ya shigo shagona rungume da akwatin kwamfuta, ya naɗe shi da bargo saboda ƙura. Ɗan Agadas ne, sana'arsa haɗa bidiyon biki da suna, da dare kuma su buga ƙwallo a kwamfutar shi da abokansa. Ya ce, "Maigida, tun shekaranjiya take mutuwa ana tsakiyar aiki. Sai allo ya cika da ɗige-ɗige kore da ja, daga nan ya yi baƙi ƙirin." Na ce, "Ƙanena, me ka taɓa mata?" Ya yi jim, sannan ya zaro waya ya nuna mini bidiyo a YouTube: wani Bature yana jan lambobi a manhajar MSI Afterburner. Shi kuma ya kwafe su yadda suke, bai rage ko ɗaya ba.

Katinsa RX 580 ne na kamfanin AMD, wanda ya fito a 2017. Asalin gudun ƙwaƙwalwarsa megahaz 1340 ne, yana kuma shan wuta wajen wat 185. Yaron ya tura shi can sama da 1450, ya ƙara masa ƙarfin wuta, ya ja ma'aunin iyaka har ƙarshe. Da na kwance murfin, ƙura ta yi kunkunniya tsakanin haƙoran lagireton kamar audugar katifa, fanka ɗaya kuma sai an tura ta da yatsa take juyawa. Man da ake shafawa tsakanin ƙwaƙwalwar da ƙarfen sanyaya ya bushe, yana ɓarewa kamar tsohon yaɓe.

Abin da ya yi shi ne 'yan wasa ke kira obakulok, wato a sa kati gudun da ya wuce wanda kamfani ya tsayar masa. Ban hana kowa ba, ni ma ina yi wa wasu. Abin da ke damuna shi ne mutanenmu na kwafar lambobi daga ɗaki mai sanyi a Jamus ko Faransa su ɗora wa katin da ke zaune a unguwar Gat el Wad ko Tahaggart, alhali iskar da ke shiga katin nan daban ce da ta can.

Garinmu yana bisa tudun Ahaggar, wajen mita 1,400 sama da teku. Wannan tudun ne ya sa zafinmu bai kai na In Salah ba, inda bazara ke wuce digiri 45, mu kuwa mu tsaya wajen 35. Amma akwai abin da ya biyo baya wanda ba a cika lura da shi ba. Iskar tudu ba ta da kauri. A tsawon da muke, ta fi ta bakin teku sauƙi da kusan kashi 13 cikin 100. Fanka za ta juya yadda ta saba, ta yi ƙarar da ta saba, amma zafin da take kwashewa a kowane juyi ya ragu. Kati ɗaya, saiti ɗaya, zai fi ɗaukar zafi a nan bisa ga Aljas ko Oran idan zafin ɗakin ɗaya ne. Ka haɗa da ƙurar da ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa ko an rufe taga, ka haɗa da ɗakin da babu na'urar sanyaya. Direbobin hanyar In Gezzam sun san wannan: mota mai lodi a rairayi, idon direba na kan allurar zafi fiye da ta gudu.

Lissafin zafin ma ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu. Idan ka ƙara ƙarfin wuta da kashi 10, zafi na ƙaruwa da wajen kashi 21, domin ninkin kansa yake yi. Idan ka haɗa da ƙarin gudu kashi 10, ka doshi kashi 33. Ribar da za ka gani a allo kuwa, a katunan da suka ratsa hannuna, da wuya ta wuce kashi 5 zuwa 10: wasan da ke ba ka hoto 60 a daƙiƙa ya koma 64 ko 65. Ido ba ya ma rabewa.

Sannan katunan zamani da kansu suke ƙara gudu. Tun 2012 Nvidia ta sa wa katunanta tsarin GPU Boost, wanda ke ɗaga gudu muddin akwai sanyi da wuta, ya riƙa saukar da shi kaɗan-kaɗan idan zafi ya tashi. Da yawansu a wajen digiri 83 suke taka birki. Saboda haka wanda ya ƙara lamba a kan kati mai zafi, sau da yawa garin neman ƙiba yake samo rama: lambar na nan a rubuce, katin kuwa ya sauka ƙasa da inda yake a da. Ma'ajiyar katin ma haka take. Idan aka matsa mata da yawa takan yi kuskure ta sake aikawa, sai aiki ya ja baya ba tare da allo ya nuna komai ba.

Akwai wata magana da ya kamata mai sayen na hannu ya sani. A ranar 15 ga Satumba 2022 kuɗin intanet na Ethereum ya daina amfani da katin hoto wajen haƙa, sai katunan da suka shekara suna aiki dare da rana suka cika kasuwannin duniya, har da namu. RX 570 da RX 580 suna da yawa a ciki. Wasu an sauya musu manhajar ciki don haƙa, ba a mayar ba. Irin wannan kati ya riga ya gaji kafin ya zo hannunka, gyara yake bukata, kar ka ƙara masa kaya.

Ga yadda nake yi idan aka kawo mini. Tsafta ce farko: a hure ƙura, amma a riƙe fankar da yatsa kar iska ta juya ta fiye da kima, a sauya man nan, a duba ko akwatin wutar kwamfutar zai iya ɗauka, domin marar suna mai araha shi ya fi kashe kati idan wuta ta yi wasa. Sai in auna da manhajar GPU-Z ko HWiNFO, in kunna manhajar gwaji ta Unigine Heaven na rabin awa, da rana tsaka, ba da asuba ba. Abin da ya tsaya lafiya a daren Janairu, lokacin da sanyi ke kusan kai sifili, yana iya faɗuwa a Yuli. Idan akwai sarari, in ƙara megahaz 15 zuwa 25, in gwada, in sake ƙarawa. Da na ga ɗigo ɗaya ko walƙiya a allo, in koma baya taki biyu. Ba na barin saitin ya tashi tare da Windows sai ya kwana biyu bai faɗi ba. Ƙarfin wuta kuwa ba na ƙara wa kowa a garin nan. Mafi yawa ragewa nake yi, in bar gudun inda yake, katin ya yi sanyi ya riƙe gudunsa daga farkon aiki har ƙarshe.

Haka na yi wa na ɗan Agadas. Na sauya fankar da man, na mayar da gudun asali, na sauke ƙarfin wuta kaɗan-kaɗan har inda ya tsaya daram. Zafin ya sauko daga kusan 90 zuwa saba'in da 'yan kai. Yana tsaye muka fitar da bidiyon wani biki na minti 40, bai katse ba. Na ce masa ya ɗauke akwatin daga kan tabarma ya ɗora bisa tebur, ya bar tazarar taki ɗaya tsakaninsa da bango, ya kuma dawo da shi a hure masa ƙura bayan wata uku, ko da zarar an yi guguwar rairayi.