Jituwar Aikau da Aikatau a Ingilishi: Harɗaɗɗen Aikau

Harɗaɗɗen aikau shi ne wanda ya ƙunshi suna biyu ko fiye, waɗanda mahaɗi ya gwama su. A Hausa, aikatau ba ya sauya siga saboda adadin aikau. Zagin aikatau ne ke ɗaukar wannan nauyi:

Anka tana Jihar Zamfara.
Anka da Gummi suna Jihar Zamfara.

A Ingilishi kuwa, aikatau ɗin kansa ke sauyawa. Idan mahaɗin “and” ne, harsunan biyu sun yi tarayya, domin jam'i za a samu: “Anka and Gummi are in Zamfara.” Sai dai in sunayen biyu abu guda suke nufi, tilo ake sakawa: “Rice and beans is ready.” Wannan ma ba baƙo ba ne ga Bahaushe, tunda yakan ce shinkafa da wake ta dahu.

Inda gizo ke saƙar shi ne “tare da”. Bahaushe ba ya ganin aibi in an ce:

Sarkin Anka tare da hakimansa sun iso.

Ɗalibi zai kwashi wannan “sun” ya kai ta Ingilishi, ya rubuta “have arrived”. Kuskure ne. “Together with” da “as well as” da “along with” ba sa mayar da aikau jam'i, sunan farko kaɗai aikatau ke bi: “The Emir, together with his district heads, has arrived.” A ganina, kiran wannan sakaci zalunci ne ga yaro. Ƙa'idar harshensa ya bi daidai, a gidan da ba nata ba. Saboda haka malami ya rubuta jimlolin biyu a allo, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, ya ja layi a ƙarƙashin “sun” da “has”, kafin ya taɓa jan biro.

Game da “or” da “nor”, sunan da ya fi kusa da aikatau shi ke da iko: “Neither the farmer nor his sons are in Bukkuyum.” In aka juya sunayen, “is” za ta maye gurbin “are”. Irin waɗannan tambayoyi sukan fito a jarrabawar WAEC da NECO, wadda rashin kiredit a Ingilishinta kan tare wa ɗalibi ƙofar jami'a.

Jinga: Fassara “Malam tare da almajiransa sun tafi kasuwar Gummi” zuwa Ingilishi, ka bayyana dalilin aikatau ɗin da ka zaɓa.